Bida Da Masu Kama Da Ita: Macizan Da Garma Ke Tonowa A Uke

Duk wanda ya taɓa noma a ƙasar Uke, ko a sauran ƙauyukan da ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi, ya san cewa ruwan farko ba tsiro kaɗai yake fitowa da shi ba. Da zarar ƙasa ta jiƙa, manoma suka shiga tayar da kunya, sai garma ta dinga tono abubuwan da suka shafe rani a ɓoye, irin su tana da gwazarma da ƙadandoniya da kunama. A cikinsu akwai wani ɗan siririn abu mai sheƙi kamar an shafa masa mai, wanda ido ba ya saurin raba kansa da wutsiyarsa. Idan babba ne ya tono shi, ba ya wata shawara, sai ya juya ƙotar garma ya murƙushe shi. Idan kuwa yara ne suka riga gani, sai su ɗauka su ɗora a tafin hannu, suna dariya yana zillewa ta tsakanin yatsunsu.

Sunan da na taso ina ji a bakin manya shi ne bida, watau sunan nan na allurar da ake ɗinkin jinka da ita, kuma wanda ya ga yadda abin yake huda ƙasa ya shige ba zai tambayi dalilin sunan ba. Wasu kan ce masa maciji mai kai biyu. A wannan yanki namu, inda Gbagyi da Gwandara da Yeskwa suke zaune tare da Hausawa da Fulani, kowa yana da abin da yake kiransa a gida, amma in an haɗu a gona ko a kasuwa da Hausa ake magana, saboda haka sunan Hausa shi ne ke yawo. To, a nan gizo yake saƙa. Na yi shekaru ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, ina kuma taɓa noma a gefen Uke, abin da na tabbatar shi ne sunan nan guda muna laƙaba shi ne ga halittu aƙalla iri huɗu. Uku daga cikinsu ko sauro ya fi su cutarwa. Na huɗun kuwa yana iya raba yaro da yatsansa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, amma a wannan fage mun bar karin maganar a baki ba mu kai ta gona ba.

Bari mu fara da mafi sauƙi, watau raba maciji da tana. Tana ba ta da ƙashi ko ɗaya, jikinta danshi ne da yauƙi, tana miƙewa tana tsukewa kamar roba, in ka bar ta a rana ba ta daɗewa za ta bushe. Shi kuwa abin da muke magana a kai, jikinsa a bushe yake, da tauri kamar waya, tsawonsa ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. In ka zuba masa ido sosai za ka ga fatarsa a rufe take da 'yan ƙananan ɓawo a jere, irin na kifi, sa'an nan jifa-jifa yana fito da ɗan harshe mai baki biyu. Yana da ƙashin baya, yana da haƙarƙari da huhu, yawancinsu kuma ƙwai suke sakawa. Maciji ne sosai, ƙanƙanta ce kawai ta ɓoye shi. Akwai kuma wata halitta da ke shiga tsakani ta ruɗa mutane, wadda masana suka ce 'yar uwar ƙadangare ce da ta rasa ƙafafu. Ita jikinta zobe-zobe ne kamar na tana, launinta ja-ja ne mai haske, kuma yawancin irinta da ake samu a Nijeriya suna cikin gidan da ake kira Cynisca. Ba ta da dafi, ba kuma maciji ba ce.

Batun kai biyu kuwa, ba a rasa dalilinsa ba. Macijin da ya ƙare rayuwarsa a cikin ƙasa ba shi da bukatar wuya, don haka kaurin kansa da na jikinsa da na wutsiyarsa kusan ɗaya ne. Idanunsa sun zama ɗigo biyu baƙaƙe a ƙarƙashin ɓawon kai, abin da suke iyawa bai wuce raba haske da duhu ba. Bakinsa yana can ƙasa, a bayan hanci, don kada ƙasa ta shiga in yana haƙa. A ƙarshen wutsiya kuma akwai 'yar ƙaya wadda yake dogarawa ya tura jikinsa gaba. In an riƙe shi yakan danna ƙayar nan a fata, mutum ya ji tsikari ya yar da shi, ya tafi yana rantsuwa cewa da wutsiya ya sare shi. Babu dafi a cikinta ko kaɗan.

Kafin mu shiga sunayen da masana suka ba su, ya kamata mai karatu ya san yadda ake raɗa sunan. Wani masani mutumin Suwidin, Karl Linnaeus, shi ne ya kafa tsarin da ake bi, kuma daga bugun littafinsa na 1758 ake fara lissafin sunayen dabbobi. Kowace halitta suna biyu take da shi da Latinanci, na farko sunan gidansu, na biyu nata na kanta. Gidaje masu kama da juna a tara su a ce dangi ɗaya ne. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haka muke gane mutum, mu ce wane na gidan wane, daga zuriyar su wane. Duk macizan nan makafi an haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya, Scolecophidia, kalmar Girkanci mai ma'anar maciji mai siffar tsutsa. Irinsu da aka sani a duniya sun haura 400. An daɗe ana lissafa su dangi uku, sai a 2010 aka ƙara biyu suka zama biyar. Uku daga ciki ba su shafe mu ba, domin ɗaya a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake, ɗaya a tsibirin Madagaska, ɗaya kuma daga Indiya ya yi gabas. Saura biyun su ne namu.

Dangi na farko shi ne Typhlopidae, asalin kalmar kuwa makaho take nufi. Waɗannan su ne masu ɗan kauri. Wanda aka fi sani a Afirka ta Yamma yakan kai kaurin ɗan yatsa, tsawonsa ya kusa ƙafa 2, bayansa da duhu da ɗige-ɗige a jere, cikinsa da haske. Tarihin sunansa yana da ban sha'awa. A 1817 Turawan Ingila suka aika da wata tawaga daga Cape Coast zuwa Kumasi, birnin nan da fataken goro suka sani tun kaka da kakanni. Ɗaya daga cikin jakadun, Thomas Bowdich, ya koma gida da wasu halittu da ya tattara, a cikin littafin tafiyarsa na 1819 kuma wani masani mai suna Leach ya bayyana macijin nan, ya sa masa punctatus, watau mai ɗige-ɗige. Sunansa na kansa bai canja ba har yau, amma an yi ta sauya masa gida. Ya daɗe a gidan Typhlops, sai a 2009 Broadley da Wallach suka ware masa wani gida tare da 'yan uwansa na Afirka, ya koma Afrotyphlops punctatus. Wani ɗan danginsa siriri, fari-fari, daga Asaba aka kai shi Landan, inda George Boulenger na gidan adana kayan tarihin Birtaniya ya bayyana shi a 1893. Yau sunansa Letheobia crossii.

Dangi na biyu shi ne Leptotyphlopidae, watau siraran makafi, kuma su ne suka fi burge ni. Kaurin wasunsu bai wuce tsinken ashana ba, in ka gan su a cikin ƙasa sai ka ɗauka igiyar takalmi ce ta tsinke. Mafi ƙanƙantar maciji da aka sani a duniya ɗan wannan dangi ne. A tsibirin Barbados yake, Blair Hedges ne ya bayyana shi a 2008, babbansa bai wuce inci 4 ba, macen kuma ƙwai ɗaya tak take sakawa. An yi kusan shekara 20 ba a sake ganinsa ba, har aka fara fid da rai, sai a 2025 aka same shi a ƙarƙashin wani dutse. A nan ƙasarmu akwai Tricheilostoma bicolor, mai duhun baya da hasken ciki da guntuwar wutsiya, akwai kuma Myriopholis narirostris mai doguwar wutsiya. Har a 1997 ma an bayyana wani sabon iri daga Ibadan, wanda yanzu ake kira Tricheilostoma greenwelli. In a Ibadan, garin da ya fi kowane gari a Nijeriya daɗewa da jami'a, aka iya samun macijin da ba a taɓa rubuta sunansa ba sai a ƙarshen ƙarnin da ya wuce, to mai karatu ya auna da kansa abin da ke kwance a ƙarƙashin gonakin Uke da Keffi da Karshi.

Babban abin da ya raba dangin nan biyu yana cikin baki. Typhlopidae haƙoransu a muƙamuƙin sama kaɗai suke, na ƙasa fayau yake. Leptotyphlopidae kuwa akasin haka ne, haƙoran suna ƙasa, sama babu. Abincinsu ɗaya ne, watau ƙwai da 'ya'yan tururuwa da gara. Sukan bi sawun ƙwarin nan da ƙanshi har cikin gidansu, su afka wa ɗakin ƙwai su yi ta haɗiya da sauri kafin sojojin suri su taru a kansu. Santsin ɓawonsu da taurinsa su ne sulkensu, domin bakin tururuwa ba ya samun wurin kamawa. A 1999 wasu masana biyu, Kley da Brainerd, suka ɗauki hoton siririn yana ci, suka ga muƙamuƙinsa na ƙasa yana lanƙwashewa ciki yana komawa da sauri kamar mai jan hatsi da manjagara, salon da ba a san wani maciji da shi ba.

Amma wa zai buɗe bakin abin da kansa bai kai ƙwayar shinkafa ba? Saboda haka masana suka koma ga ƙidaya, kuma wannan ita ce zuciyar aikin. Ana ɗaukar matacce, a sa shi a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, a nemi tsakiyar jiki, a sa tsinin allura a kan ɓawo ɗaya, a yi ta juya shi ana ƙirga sahu-sahu har a dawo inda aka fara. In an sami sahu 14, to kusan babu shakka ɗan dangin siraran ne, domin kusan dukansu haka suke, sai 'yan kaɗan masu 16. In sahun ya kai 24 ko fiye, kuma jikin da kauri da ɗige-ɗige, to hankali ya koma kan mai ɗige-ɗigen nan na Bowdich. Wannan dangi kawai ya nuna. Kafin a kai ga iri, sai an ƙirga ɓawon da ke jere a gadon baya tun daga hanci har ƙayar wutsiya, waɗanda sukan kai ɗaruruwa. Sai an ƙirga na ƙarƙashin wutsiya. Sai an auna tsawon jiki a raba da kaurinsa, a auna wutsiya a ga kashi nawa ce cikin tsawon. Daga nan a koma kan kai, a duba ɓawon hanci ko mai faɗi ne ko tsukakke, ko yana da ƙugiya, a duba ɓawo nawa ne a leɓen sama, wanne ne ya taɓa ɓawon ido, wanne bai taɓa ba.

Na sha yin ƙidayar nan a teburin makaranta da waɗanda garma ta riga ta kashe, ina kuma shaida cewa aiki ne mai cin ido da haƙuri. Hannu ya ɗan motsa, ko ɗalibi ya yi tari a bayanka, lissafi ya ɓace sai ka koma farko. Ɗalibai sukan tambaye ni, Malam, me ya sa ba za a duba launi kawai a huta ba? Amsar ita ce launi maƙaryaci ne. Iri ɗaya yakan zo da launi daban-daban daga wuri zuwa wuri. In maciji ya kusa yin saɓa, sai ya koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi, wanda bai sani ba ya ce wani iri ne daban. In kuma ya daɗe a cikin kwalbar sifirit, launin ya kan koɗe baki ɗaya. Ɓawo kuwa yawan da aka ƙyanƙyashe shi da shi, da shi zai mutu.

Duk da haka ƙidaya ma tana da iyaka. Rayuwar cikin ƙasa ta goge wa macizan nan kamanni, ta mai da su duka kamar an zuba su a mazubi ɗaya, har iri biyu da suka rabu tun zamani mai nisa sukan zo da lissafi kusan ɗaya. Shi ya sa da aka sami hanyar gwada ƙwayoyin gado da ke cikin tsokar halitta, sai tsohon tsari ya girgiza. A zamanin Boulenger siraran nan Glauconia ake ce musu. Daga baya aka mai da su Leptotyphlops, aka tara kusan dukansu a gida ɗaya, na Afirka da na Amurka da na Asiya. A 2009 Adalsteinsson da abokan aikinsa suka gwada ƙwayoyin gadonsu, suka raba gidan kashi-kashi, a nan ne sunan Myriopholis ya fito. Malamin makaranta irina yana da dalilin jin haushi, domin littafin da ke ɗakin karatu yana faɗin suna ɗaya, intanet tana faɗin wani, ɗalibi kuma yana zaton macizai biyu ne. Amma a ganina gara haushin da barin kuskure. Sauya sunan nan alama ce ta cewa akwai masu dubawa. Abin tsoro shi ne sunan da ya shekara ɗari ba wanda ya taɓa shi, don ba wanda ya sake buɗe kwalbar.

Yanzu mu zo kan na huɗun, wanda saboda shi ne na ɗauki alƙalami. Akwai wani gida na macizai da ake kira Atractaspis. Su ma a cikin ƙasa suke zaune, su ma ruwan farko yana fito da su, musamman da dare. Baƙaƙe ne masu sheƙi, kai ƙarami ba wuya, wutsiya guntuwa mai ƙaya a ƙarshe. Ba su da wata dangantaka ta kusa da makafin da muka ambata, zaman wuri ɗaya ne ya ba su kama ɗaya. Iri da dama suna Nijeriya, ɗaya daga cikinsu ma, Atractaspis watsoni, daga Sakkwato aka samo wanda Boulenger ya bayyana a 1908. Suna da dafi, suna kuma da fiƙoƙi dogaye ƙwarai in aka gwada da girman kansu. Abin da ya sa suka fi sauran macizai wuyar sha'ani shi ne ba sa buɗe baki su yi sara. Bakin yana rufe, sai fiƙa ɗaya ta zaro ta gefe, ya kaɗa kai baya ya caka. A cikin rami mai ƙunci, inda babu filin ɗaga kai, haka yake kashe ɓera da ƙadangare. Ma'anar wannan ita ce riƙon da gardi yake yi wa maciji a bayan kai, wanda ke hana kumurci da kasa sara, shi ne daidai riƙon da ke kai yatsa bakin fiƙar wannan. Masana macizai da yawa sun sha wannan caka a hannunsu na aiki.

Wata damina ɗan wani maƙwabcina a gona, yaro mai kamar shekara goma sha biyu, ya ga baƙin abu yana shigewa ƙarƙashin tarin ciyawa. Ya sha wasa da bida, don haka ya kama shi a bayan kai yadda ya ga ana yi. Kafin ya ɗaga hannu an cake shi a babban yatsa. Da aka kai shi wurin shan magani aka tambayi uban wane irin maciji ne, ya ce bida ce. Wani daga cikin ma'aikatan ya ce ai bida ba ta da dafi, a ba shi maganin zafi ya tafi gida. Uban bai yi ƙarya ba, ma'aikacin ma abin da ya sani game da bidar da ya sani gaskiya ne. Sunan ne ya ci amanarsu su duka. Kafin gari ya waye hannu ya kumbura har gwiwa, bayan kwanaki kan yatsan ya yi baƙi ya ruɓe, aka yanke gaɓa ɗaya. Yaron yana nan ya girma, yana noma, amma in zai ɗaure buhu sai ya nemi taimako.

Wannan ba sabon abu ba ne ga likitoci. David Warrell, wanda ya yi aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a farkon shekarun 1970, shi da abokan aikinsa sun buga bayani a 1976 kan mutanen da macizan gidan Atractaspis suka sara a Nijeriya. Galibi abin da dafin yake jawowa shi ne zafi mai tsanani da kumburi da ƙuraje masu ruwa, wani lokaci nama ya mutu a inda aka caka. Kisa ba kasafai ba ne, amma yana faruwa. Sa'an nan maganin dafin da ake yi wa mutane allura da shi a wurare irin su Kaltungo ta Jihar Gombe, an haɗa shi ne domin kububuwa da kasa da gamsheƙa, ba ya karya dafin wannan. Saboda haka sanin irin macijin yana da amfani ta fuska biyu, kada a sallami wanda ya kamata a kwantar a lura da shi, kada kuma a ɓarnatar da magani mai tsada da ƙaranci a inda ba zai yi aiki ba. Wanda abin ya sama a cire masa zobe da duk abin da ke matse hannu tun kafin kumburi, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, a hanzarta kai shi asibiti.

To, yaya manomi da ba shi da madubi zai raba su? Alama mafi ƙarfi tana ciki. Makafin macizai duka, masu kauri da sirara, ɓawon cikinsu da na bayansu girmansu ɗaya ne, ko ta ina ka juya su abu ɗaya za ka gani. Atractaspis kuwa cikinsa irin na sauran macizai ne, ɓawo masu faɗi a kwance daga gefe zuwa gefe kamar matakalar tsani. Alama ta biyu ido, nasa ƙarami ne amma ido ne sosai a fili, ba ɗigo a ƙarƙashin fata ba. Ta uku hali. Makaho in an tono shi sai ya yi ta birgima yana neman inda zai cusa kai. Mai dafin kuwa yakan tanƙwara wuya kamar baka, ya kafa hanci a ƙasa, ya dinga fizgar kai gefe da gefe. Duk wannan dubawa da doguwar sanda ake yin ta, ko bayan ya mutu, ko mataccen ma ba a taɓa kansa da hannu. Ga yara kuwa doka ɗaya ta isa, kowane baƙin maciji mai sheƙi da ya fito daga ƙasa, ba a ɗauka.

Wani zai ce to ai sai a kashe duka a huta, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Ban ga laifin mai tsoro ba, amma kisan ma ba ya koya wa kowa kome, kuma asara ce. Wanda ke kukan gara ta cinye masa rumbu da itacen rufi, bai kamata ya murƙushe abin da abincinsa 'ya'yan gara ne ba. A jihar Texas ta Amurka, wasu masana biyu, Gehlbach da Baldridge, sun ba da labari a 1987 cewa wata ƙaramar mujiya takan ɗauko siririn makahon maciji da rai ta kai sheƙarta. In ya tsira sai ya zauna a cikin dattin sheƙar yana cin tsutsotsin ƙwari, kuma 'ya'yan mujiyar da ke irin wannan sheƙa sun fi saurin girma. Mujiya ke nan, wadda muke yi wa kallon tsuntsuwar tsiya.

Abin da ya fi damuna shi ne harshenmu. Bahaushe bai yi ƙyashin suna ga macizan sarari ba. Ya raba kumurci da gamsheƙa, ya raba kasa da kububuwa, ya san mesa, har kirari ya yi musu, da dare kuma ya sakaya ya ce igiyar ƙasa. Amma da aka zo kan na cikin ƙasa sai ya tattara su a kwando ɗaya. Ina kyautata zaton tsofaffin gardawa da mafarauta, da dattawan Gbagyi da Gwandara da suka ƙare rayuwarsu a bakin kunyar doya, suna da rabe-raben da mu 'yan boko ba mu tambaya ba. Tambayar kuwa lokacinta yana ƙurewa. Tun da aka yi dokar kafa Abuja a 1976, gwamnati kuma ta tare a can cikin Disamba 1991, gine-gine suke ta cin hanyar Keffi. Mararaba ta haɗe da Nyanya, Masaka ta cika, yanzu fulotai sun iso gefen Uke. Ƙasar da aka kankare da katafila aka zuba mata siminti, babu suri a cikinta, babu kuma mai cin 'ya'yan suri. Macizan da aka kafa sunayen irinmu da su suna cikin kwalabe a Landan da Faris da Balin. Mafi yawan littattafan gane macizan yankinmu, irin wanda Trape da Mané suka wallafa a 2006, da Faransanci aka rubuta su. Ga jami'a a Keffi, ga wata a Gwagwalada. Ɗalibi ɗaya da zai bi manoman Uke damina biyu da kwalba da sifirit da littafin rubutu, yana karɓar abin da garma ta riga ta kashe, yana rubuta rana da wuri da sunan da manomin ya kira shi da harshensa, zai tara abin da babu shi a kowane ɗakin karatu. Kafin nan, ni dai a gonata na raba musu suna, ina cewa makauniyar bida da bida mai fiƙa, ma'aikatana kuma sun ɗauka.

Akwai kuma baƙuwa da ya kamata mai ƙidaya ya sa ido a kanta. Wata 'yar makauniya ce baƙa, tsawonta bai cika wuce inci 6 ba, asalinta daga kudancin Asiya, wadda Daudin ya bayyana a 1803, tun 2014 kuma aka fi saninta da Indotyphlops braminus. Ba a taɓa samun namijinta ba. Dukansu mata ne, kowace tana saka ƙwai ya ƙyanƙyashe ba tare da barbara ba, don haka guda ɗaya ta isa ta kafa zuriya a duk inda ta sauka. A cikin ƙasar tukwanen furanni da dashen itatuwa take tafiya, ta haka ta kai Afirka da Amurka da Ostireliya da tsibiran teku, har Turawa suka yi mata laƙabi da macijiyar tukunyar fure. An same ta a ƙasashen Afirka ta Yamma. Wanda ya bi titunan Abuja ya ga yadda masu sayar da dashe suka jera leda-leda a bakin hanya, ya kuma ga motocin da ke kwasarsu zuwa sababbin gidajen Masaka da Uke, ya san ta inda za ta shigo. A ido tana kama da siraran namu ƙwarai, amma haƙoranta a sama suke, domin 'yar dangin Typhlopidae ce. In an juya ta a ƙarƙashin madubi aka ƙirga sahun ɓawon tsakiyar jiki, namu sirara za su ba da 14, ita kuwa 20.